Babi na Bakwai: Abin da Keke Zai Iya Ɗauka a Gadarif

A Gadarif kusan komai da nauyinsa aka san shi. Cikakken buhun dawa yana kai kimanin kilo 90. Riɗi kuwa, a babbar kasuwar amfanin gona ta garin, da ƙintar ake cinikinsa, ƙintar ɗaya kusan kilo 45. Jarkar ruwa mai cin lita 20 kilo 20 ce, ban da nauyin robar. Manyan 'yan kasuwar da ke fitar da riɗi ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan suna da tirelolinsu, masu gonakin da tarakta ke nomewa suna da a-kori-kura, mai ɗan abin hannu kuma ya kira mai karo da jakinsa. Saura mai keke: mai raba burodi a shaguna da asuba, mai tallan kayan miya, ɗan ƙwadagon da aka sallama da hatsi bayan yankan riɗi, da magidancin da famfon unguwarsu ya kwana biyu bai kawo ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 garin ya yi ta karɓar baƙi, na Khartum da farko, sannan na Wad Madani a watan Disambar shekarar, sai na Sinja a tsakiyar 2024. Bakuna sun ƙaru, ruwa bai ƙaru ba, mai ya yi tsada. Irin wannan lokaci ne ake janyo keken da aka jingine a zaure a kakkaɓe masa ƙura. Hausawan Gadarif, jikokin mahajjatan da suka tako hanyar gabas da ƙafa da na waɗanda suka bi ayarin hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suna cikin masu wannan fama kamar sauran maƙwabtansu, kuma su na sa a gaba a wannan babi. Amma mai karatu na Maraɗi ko Katsina ba zai ga baƙon abu da yawa ba.

Yawancin mutane idan za su sa kariya tambaya ɗaya ce a bakinsu: tana da ƙarfi? A ganina wannan tambaya a ƙarshe ya kamata ta zo. Kariya miƙa kaya take yi kawai. Nauyin ya sauka ta ƙafafunta zuwa noti, daga noti zuwa aksal, daga aksal zuwa sifok, sannan rim da taya, kafin ya isa ƙasa. Duk inda ya tarar da rauni a wannan hanya, nan zai karya. Ka sa wa keke kariyar da za ta ɗauki buhu biyu, ba ka ƙara wa sifok komai ba, ka dai mayar da wurin karayar daga inda gyara ke da araha zuwa inda yake da tsada. Saboda haka tambayoyin farko su ne: me zan riƙa ɗauka, ta wace hanya, kuma a ina zai zauna a jikin keken?

Batun hanya a Gadarif batun ƙasa ne. Baƙar laka ce, ita ce ma ta sa gwamnatin mulkin mallaka ta fara noman dawa da injina a Gadambaliya, kusa da garin, a tsakiyar shekarun 1940. Albarkar manomi ce, amma mai keke ba ya sa mata albarka. Da rani takan bushe ta tsattsage, sawun motoci da kofaton shanun da suka bi ta tana ɗanya su daskare a haka, keke mai kaya ya yi ta jijjiga a kai. Jijjigar nan ita ke kwance noti a hankali, ita ke tsaga walda. Da damina, wajen Yuni zuwa Oktoba, da ka sauka daga kwalta lakar za ta kama taya ta yi ta taruwa har ta cike tsakanin taya da madigadi, wili ya ƙi juyawa, ka tsaya kana sakace shi da tsinke. Wanda gidansa ke hayin kwarin Abu Farga, wanda ya ratsa garin, ya san abin da nake nufi. Don haka kowace kariya za a sa, a bar mata sarari tsakaninta da taya, aƙalla yatsu uku, yadda ko an cire madigadi da damina laka za ta sami wurin faɗuwa.

Sai keken kansa. Tsohon baƙin keke mai wili inci 28 da birkin sanda, wanda kamfanin Raleigh na Nottingham ya yaɗa a ƙasashen da Ingila ta mulka, har ya kafa masana'anta a Kano, shi ne har gobe ubangidan masu ɗaukar kaya. Sin da Indiya sun kwaikwayi fasalinsa: Flying Pigeon na Tianjin tun 1950, Hero na Ludhiana tun 1956, da Phoenix na Shanghai wanda Sudan ta sani sosai. Yana da nauyi, ba shi da giya, hawan tudu da shi aiki ne. Amma bayansa dogo ne, don haka diddigenka ba ya dukan kaya. Jikinsa ƙarfe ne mai kauri. A tsohon tsarin Ingila ma sifok 40 ake sa wa wilin baya, 32 a gaba, domin maƙeransa sun san inda nauyi ke zama. Kekuna masu giya da suka cika kasuwa daga baya, musamman masu sifirin a baya, an yi su ne don ɗaukar mutum ɗaya da jakarsa. Idan irinsu gare ka, ka yi haƙuri da kaya kaɗan.

Kariyar da ke zuwa da sabon baƙin keke daga kamfani, mai ɗan maƙalin waya a sama, ba ta da laifi ga cefane ko goyon yaro. Ƙafa ɗaya gare ta a kowane gefe, kuma sau da yawa falle ne aka lanƙwasa. Ka ɗora mata jarka huɗu ka bi hanyar rani, ba za ta daɗe ba za ta fara rangaji hagu da dama, daga nan ta karkace ta kwanta a kan taya.

Ta alminiyam da ake shigowa da ita ta fi kyan gani da rashin nauyi. Ka juya ta ka duba, mai kyau za ka ga an buga mata lamba a jiki, domin ƙa'idar duniya ta kariyar keke, ISO 11243, ta bukaci a rubuta iyakar abin da za ta ɗauka. Akasarinsu kilo 25 ne, wato jarka ɗaya da 'yan kayan miya. Wadda ake maƙalawa a sandar sirdi kaɗai, ba ƙafa, ba ta wuce kilo 10 ko kusa da haka. Ko Tubus na Jamus, da matafiyan duniya ke ji da shi, manyan kariyoyinsa na bututun ƙarfe a kilo 40 suka tsaya. Babbar damuwata da alminiyam a nan ba lambar ba ce. Ƙarfe idan kaya ya fi ƙarfinsa lanƙwashewa yake fara yi, ka gani ka gyara. Alminiyam kuwa tsagewa yake yi a wurin walda ba sallama, kuma injin waldar bakin hanya ba ya kama shi, sai mai na'ura ta musamman. Ɗalibi mai littattafai ko ma'aikacin da ba ya barin kwalta zai ji daɗinta. Mai sana'a ya nemi ƙarfe.

Akwai keken da aka ƙera da gangan don irin hanyoyinmu, Buffalo, na ƙungiyar World Bicycle Relief da aka kafa a 2005, wanda ake amfani da shi a Zambiya da Kenya da Malawi da wasu ƙasashe. Kariyarsa kilo 100 aka rubuta mata. Abin lura shi ne ba kariyar kaɗai suka ƙarfafa ba. Firam, rim, sifok, taya, duk an kaurara su tare, shi ya sa lambar ta zama gaskiya.

Bayan ta kamfani da ta alminiyam, kariya ta uku ita ce ta mai walda, kuma a ƙarshe wajensa yawancin masu sana'a ke zuwa. A nan ne ake yin abin kirki, a nan kuma ake yin ɓarna, ya danganta da abin da ka faɗa masa. Kada ka aika yaro da saƙon "a yi mai ƙarfi". Ka tafi da kanka, da keken, da ainihin jarkar ko kwandon da za ka riƙa ɗauka, a gwada a gabanka. Idan ka bar masa zaɓi zai ɗauko rodin gini ko angul mai kauri, domin su ke kusa da hannunsa, ya haɗa maka abin da sai da hannu biyu za ka ɗaga. Wannan nauyi kai za ka riƙa tuƙa shi safe da yamma, ko da kaya ko babu. Siririn bututun ƙarfe ya fi rodi mai nauyi ɗaya da shi ƙin lanƙwasa, sai dai waldarsa na son hannu mai natsuwa don kada ya huje. Ka ce masa: "Usta, ƙafa bibbiyu nake so kowane gefe, su haɗu a ƙasa su buɗe a sama." Ƙafa biyun da saman kariya sun ba da kusurwa uku ke nan, kuma kusurwa uku ba ta rangaji. Ƙafar bayan ita ce kuma za ta tare jaka kada ta faɗa cikin sifok.

Tsawo ma a yi hattara. Akwai sha'awar a ja kariya can baya, ta wuce ƙarshen taya, don a sami fili. Duk kayan da ya zauna bayan aksal ɗaga gaban keke yake yi. Za ka ji kan keke ya yi sakayau a hannunka, taya ta gaba ba ta kama ƙasa sosai, a gangara ya fara kaɗawa, idan ka sauka daga sirdi kuma gaban ya tashi sama. Tsakiyar nauyi ya zauna daidai saman aksal, ko ya ɗan matso gaba wajen sirdi. In fili kake so, a faɗaɗa ko a sauko ƙasa, kada a ja baya.

Abu ɗaya kuma kada ka yarda da shi ko mai walda ya rantse: ya like kariya a jikin firam. Bututun keke siriri ne, kuma a tsofaffin kekuna da farin ƙarfe aka haɗa gaɓoɓinsa, ba da irin wutar injin walda ba. Zafin zai raunana shi a daidai wurin da nauyi zai taru. Kariyar da ta karye a kwance ta a gyara da kuɗi kaɗan, firam da ya karye kuwa sai dai a nemi wani keke. A goge kaifin kusurwoyi kada su yaga buhu ko ƙafar yaro, a shafa fenti kafin damina.

Wajen ɗaurawa, baƙin keke wuri uku yake bayarwa: aksal ta dama da ta hagu, da kusar da ke matse sandar sirdi. A kan aksal ɗin nan akwai cunkoso, ga abin jan sarƙa, ga wayar madigadi, ga sitan, ga ƙafar kariya, ga washa, sannan noti. Idan ƙafar da mai walda ya yi ta cika kauri, zaren aksal zai ƙare noti bai gama hawa ba, ya kama da zare biyu ko uku. Wannan noti shi ke riƙe da wilinka gaba ɗaya. Ka tabbata aksal ya leƙo ta bayan noti. In bai leƙo ba, a rage kaurin ƙafar ko mai gyaran keke ya sa aksal mai tsawo. Masu faci sun saba zaro tib su like ba tare da cire wili ba, don haka cunkoson ba zai dame ka kullum ba, sai ranar canza taya.

Kekuna masu giya kuwa ƙananan huji gare su kusa da aksal da kuma ƙasan sirdi, masu cin kusa ta milimita 5. Ka dubi sirantar kusar nan, ita ce za ta ɗauki duk abin da ka ɗora. Muddin tana a matse, ƙafar kariya ta manne da firam, za ta riƙe. Da ta yi sako-sako, kowane rami ya zama guduma a kanta, ta gutsure ta bar guntunta a cikin hujin. A sa washa, in da hali a ƙara noti mai roba a ciki ta baya, ko noti biyu su danne juna. Ta ɓangaren sarƙa a duba kada tsinin kusar ya shiga ya taɓa ƙaramar giya. Keken da ba shi da hujin sama, a yi masa maɗauri na falle a naɗa guntun tib a ciki don kada ya ci fenti ya zame.

Kada ka matse kusa ɗaya har ƙarshe kafin sauran su shiga. Ka sa duka sako-sako, ka tsayar da keken a daidaitaccen wuri, ka ɗora kwano da ruwa a kan kariyar. Ruwan zai gaya maka inda ta karkata. Ta kwanta daidai, in ma za ta karkata to ta ɗan sunkuya wajen sirdi, domin kaya ya riƙa matsowa gaba maimakon ya zame baya. Ka zagaya bayan keken ka duba taya tana tsakiyar kariya. Sannan ka matse na ƙasa, ka ƙare da na sama. Bayan mako guda na aiki ka sake bin su da sifana, za ka tarar wasu sun saki.

Yanzu jaka. A nan babu wanda zai koya wa Bahaushe sabon abu, domin mai jaki ya riga kowa sani. Ba ya tara taki a tsakiyar gadon bayan jaki, mangala yake sawa, rabi nan rabi can, su rataya ƙasa, in gefe ɗaya ya rinjaya ya ƙara wa ɗayan. Keke ma haka yake so. Kilo 30 a saman kariya, a tsaye, zai riƙa jan ka duk lokacin da ka karkata ko ka taka da ƙarfi. Kilo 30 ɗin nan a raba biyu a rataye su daidai tsayin aksal, sai ka kusa manta da su. Mafi nauyi a ƙasa kuma a jikin keke, mara nauyi irin su tabarma, ganye ko burodi a sama.

Kafin yaƙi, da sanyin hunturu, mutanen Gadarif sukan ga Turawa da wasu baƙi a kan kekuna suna wucewa zuwa Gallabat, kan iyakar Habasha, tafiyar kimanin kilomita 155, a hanyarsu daga Alƙahira zuwa Afirka ta Kudu. Ayarin Tour d'Afrique da aka fara a 2003 ya sha bin wannan hanya, su motoci ke ɗaukar musu kaya. Masu tafiya su kaɗai kuwa jaka huɗu suke ratayawa, biyu gaba biyu baya, da yawansu na kamfanin Ortlieb, wanda Hartmut Ortlieb ya kafa a Jamus a 1982. Jakunkunan bayan guda biyu lita 40 suke ci, kuma ba ɗinki ba ne, da zafi ake like su don kada ruwa ya shiga. Kuɗinsu ya fi na keken mutum da yawa, ba na ce kowa ya nema ba. Amma dabarun da ke jikinsu ba su fi ƙarfin telan da ke ɗinka tamfol a kasuwa ba.

Ta farko, bayan jakar mai tauri ne. Buhu ko yadi kaɗai zai kumbura ta ciki ya nemi sifok. Tela ya yi aljihu a bayan jakar a zura falankin filawud siriri, ko gefen tsohuwar jarka da aka yanke. Ta biyu, ban da ratayar sama akwai maƙali a ƙasa da ke riƙe jakar a ƙafar kariya, don kada ta riƙa tashi tana faɗowa a kan gargada. Igiya ko ɗanko da ƙugiyar waya ya wadatar. Ta uku, bakin jakar naɗe shi ake yi sau uku a ɗaure, babu zif. Wanda ya ga yadda ƙurar rani ke cinye haƙoran zif ba zai yi musu ba. Zan ƙara ta huɗu daga wajena: a yanke kusurwar gaba ta ƙasa a karkace, domin a nan diddige ke duka. Kafin tela ya yanka tamfol, ka yi samfuri da kwali, ka ɗaure a kariya, ka hau da takalmin da ka saba sawa, ka juya feda baya. In diddige ya taɓa, a ja jakar baya kaɗan ko a ɗaga ta.

Wanda ba ya son zuwa wajen tela, tsofaffin jarkoki biyu da aka yanke samansu suna yin aikin, ba ruwansu da laka, a wanke su da bokiti ɗaya. Sai dai a huda su a sa kusa da washa mai faɗi ta ciki, in ba haka ba robar za ta yage a hujin. A huda ƙasan ma don ruwan sama ya fita, sai fa in riɗi ko gero za ka zuba, waɗanda ba sa raina ƙaramin huji. Kwandon kaba ya fi dacewa da tumatir da ganye, domin yana shan iska. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, baƙar jakar roba a rufe tanda ce, kayan miya ba za su kai gida da kyansu ba.

Ruwa shi ne kaya mafi wuyar sha'ani, kuma a garin da babban bututunsa ke tahowa tun daga Shuwak, a bakin kogin Atbara, ɗaukarsa ba ya ƙarewa. Jarka biyu a kejin ƙarfe, ɗaya kowane gefe, kilo 40, baƙin keke ba zai ji ba. Ta uku a kwance a sama, kilo 60, har yanzu ana tafiya. Huɗu kilo 80 ne, ka haɗa da naka nauyin, kusan duka a kan wili ɗaya. Kejin ya kama jarkar tsam, da gindi a ƙasa da za ta zauna a kai, ba a rataye ta da hannunta ba. A cika jarka fal a rufe. Wadda aka cika rabi ta fi cikakkiya wahalar tuƙi, domin ruwan yana gudu gefe ya doke ka a daidai lokacin da kake shan kwana. Ka kuma tuna faɗinka ya ƙaru. Kan keke zai wuce tsakanin raksha, wato babur mai ƙafa uku, da tirela, jarkar baya ba za ta wuce ba, kuma a lokacin kaka, da manyan motoci suka cika hanyar kasuwa, wannan mantuwa ba ƙarama ba ce. A liƙa wani abu mai ƙyalli a bayan kejin saboda dare.

Abin ɗauri kuwa, ban ga wanda ya fi ɗankon tsohon tib ba. Yana ja, yana riƙe kaya ko an shiga gargada, ba ya cin buhu. Rana ce maƙiyiyarsa, da ka ga ya fara tsattsagewa ka yar. A ɗaure gaba da baya, a kuma gicciya, sannan a cusa jelar, domin jelar ɗanko ko igiya da ta shiga sarƙa tana iya tsayar da wili nan take. Haka ƙasan jallabiya. Mai goyon yaro kuma ya sa a yi masa wurin taka ƙafa da abin da zai tare sifok, diddigen yaro ba ya jure shiga wili.

Gaba na kayan da ba su da nauyi ne, ko masu son ido: ƙwai, magani, takardu. Kwandon da ya rataya a kan keke kaɗai yana sa tuƙi nauyi, gara mai ƙafafu da suka sauka kan aksal ta gaba. A baƙin keke a lura kada kwandon ya danne sandunan birki ko ya tare fitila. Ɗan nauyi a gaba, kilo 4 ko 5, yakan ma taimaka idan baya ya cika, ya danne tayar gaba ta kama ƙasa.

Duk wannan shiri a kan wilin baya zai sauka, don haka shi ya fi cancantar kuɗinka. Ka sa mai gyara ya bi sifok ɗaya bayan ɗaya. Sifok da ya saki shi ke karyewa, ba wanda ya ɗaure ba, domin sakakken yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi har ƙarfen ya gaji a wuyansa. Ɗaya ya karye aka bar shi, maƙwabtansa su ɗauki aikinsa su bi shi, rim ya karkace. Akwai sifok mai kauri da ake sa wa kekunan kaya, in hob ɗinka zai karɓa ka sa. Taya ta sha iska sosai kafin a yi lodi. Taya mai laushi a ƙarƙashin kaya, da ta daki bakin rami rim zai datse tib ya yi huji biyu a jere, kuma mutum ya ɗora wa ƙaya laifi. Birkin sanda a kan rim na ƙarfe kuma, da ya jiƙe, sai wili ya juya sau da yawa kafin ya fara kamawa. Da kilo 60 a baya, ka fara neman birki tun kana ganin abin daga nesa.

Saura buhun dawa mai kilo 90. Ana ɗora shi a kariya a hau, kowa ya gani, kuma masu gyaran rim suna cin abinci da masu yin haka. In dole ne, a raba shi buhu biyu a rataya. In ba za a raba ba, a daina tunanin hawa. A yaƙin Dien Bien Phu na 1954, mutanen Biyetnam sun yi ta kai wa mayaƙansu shinkafa ta cikin duwatsu a kan kekunan da kowanne ke ɗaukar kilo 200 ko fiye, amma ba hawa suke yi ba. Sun ƙarfafa firam da itace da ƙarfe, sun rataya buhuna a tsakiyar keken ta gefe biyu, sun ɗaura sanda a kan keke don tuƙi da wata a wurin sirdi don riƙewa, suna tafe suna turawa. Nauyin ya rabu tsakanin wili biyu, kuma babu nauyin mahayi a kai.

Haka za ka yi da buhunka. Ka kwantar da shi a cikin firam, ƙasan sandar tsakiya da saman feda, ya rataya daidai ta kowane gefe, ka ɗaure da ɗanko kada ya goga sarƙa. Hannun hagu a kan keke kusa da birki, na dama a sirdi, ka karkato keken kaɗan ya jingina da kwankwasonka. Daga kasuwa zuwa unguwa, a kan busasshiyar hanya, za ka kai. In an yi ruwa daren jiya kuma hanyarka ta bi ta laka, ka bar keken a gida ka yi ciniki da mai karo.